Suyar Gaggawa Irin ta Sinawa Ba Tare da Alkama Ba: Tambayoyinku da Amsoshina

Tun ranar da likita ya tabbatar mana cewa 'yata ta biyu tana da cutar siliyak, wadda ta hana ta cin alkama, girkin gidanmu ya sauya. Tuwo da fate da dambu ba su ba ni wahala ba, domin masara da gero da shinkafa duk ba ruwansu da matsalarta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne suyar nan ta Sinawa da muka saba ci da daddare, wadda na koya a hannun wata maƙwabciyata Musulma 'yar ƙabilar Hui, a zaman da muka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin lokacin da maigida yake harkar kaya a can. Yarinyar tana son abincin, ni kuma ban yarda a ce kowa yana ci tana kallo ba. Sai na zauna na bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwa mata, da wasu iyaye maza, suka fi yi mini.

Hajiya, wai mene ne gulutin ɗin nan, kuma wa yake cutarwa?

Gulutin wani sinadarin gina jiki ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya miƙe idan an ja shi, shi ya sa alkaki da fanke da taliyar murji suke yiwuwa da alkama amma ba sa yiwuwa da garin dawa. Ga yawancin mutane abinci ne kamar kowane. Ga mai siliyak kuwa, garkuwar jikinsa ce take tashi idan gulutin ya shiga, ta riƙa lalata bangon ƙaramin hanji inda jiki yake tsotse amfanin abinci. Daga nan sai gudawa da kumburin ciki da ƙarancin jini, yaro kuma ya ƙi girma.

A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano alaƙarta da alkama: ya lura yaran da yake dubawa sun sami sauƙi a lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka koma ciwo da burodi ya dawo. Kada kuma a ce cutar Turawa ce. Binciken da aka yi a 1999 a kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya sami kashi 5.6 cikin 100, wanda yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a ko'ina.

Na ga irin waɗannan alamun a jikin ɗana. In daina ba shi alkama kawai?

A'a, 'yar'uwa, ki kai shi asibiti tukuna. Gwajin jinin da ake yi, da duba hanjin da ke biyo baya, suna bukatar a ce yana cin alkama a lokacin. Idan kin riga kin cire masa, gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali cutar tana nan. A fara gwaji, sannan a sauya abinci.

Mece ce suyar gaggawa, kuma me ya bambanta ta da suyar da muka saba?

Sinawa suna ce mata “chao”. Ana yanka komai ƙanana daidai loma, a ɗora kasko a wuta mai ƙarfi, a zuba mai kaɗan, a riƙa juyawa ba tsayawa, cikin minti biyar zuwa bakwai an sauke. Mu mun saba da suyar da nama zai nutse a mai, ko miyar da za a bari ta yi ta ɓararraka har mai ya taso. Wannan ba haka take ba. Karas zai fito da sauran ƙarfinsa, kabeji bai yi laƙwas ba, nama kuma da ruwansa a ciki.

Tunda wutar ba ta jira, aikin duk kafin a kunna ta ake yinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: tafarnuwa a daka, citta a yanka, miya a haɗa a kofi, kowane ganye a kwanonsa kusa da hannu. Idan kika ɗora kasko sannan kika tafi neman wuƙa, kin dawo kin tarar da tafarnuwa ta ƙone.

Ai nama ne da ganye da shinkafa. To ta ina alkama take shiga?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne na fi so a tsaya a fahimta. Alkamar ba a cikin kasko take ba, a cikin kwalabe take.

Na farko soya sos. Sunansa ya sa mutane suna zaton waken suya ne zalla, alhali da wake da alkama da gishiri ake tsima shi wata da watanni. A irin na Japan da aka fi sani, alkamar takan kai kusan rabi. Na Sin yakan zama da ƙasa da haka, amma tana ciki, ko mai haske ne ko mai duhu. Za ki ji wasu suna cewa ai tsimawar tana narkar da gulutin. Gaskiya ne tana farfasa shi, sai dai na'urorin gwaji ba sa iya auna ragowar da kyau bayan ya farfashe, shi ya sa ƙungiyoyin masu siliyak suke cewa a bar shi. Ni ma na bar shi, domin hanjin 'yata ba wurin gwaji ba ne.

Na biyu sos ɗin kawa (wata halittar teku ce mai ƙwanso), mai kauri mai duhu, wanda Lee Kum Sheung ya fara yi a lardin Guangdong a 1888, daga nan kamfanin Lee Kum Kee ya samo asali. Sau da yawa akwai fulawa a cikinsa. Haka hoisin mai zaƙi, haka doubanjiang, wato kwaɓin barkono da wake na Sichuan, wanda ake barbaɗa wa waken fulawa kafin a tsima. Baƙin khal na Zhenjiang akwai dusar alkama a cikinsa. Giyar girki ta Shaoxing, wadda littattafan girki suke yawan ambata, da alkama ake tayar da ita, mu kuwa da ma ba ta shiga tukunyarmu.

Sai taliya: kusan duk mai launin ruwan ƙwai alkama ce. Sai naman da aka tsoma a kwaɓi aka soya, irin na kaza mai zaƙi da tsami. Akwai kuma wani abu da Sinawa ke kira mianjin, mai kama da nama, wanda masu ƙin cin nama suke amfani da shi. Wannan gulutin ne tsantsa, an wanke sitacin kwaɓi an bar danƙon.

Idan kin lura, duk abin da na lissafa ko dai kwalba ce ko kwaɓi. Wuta da wuƙa da citta da tafarnuwa da lawashi, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan girkin, babu abin da ya taɓa su.

Da me zan maye gurbin soya sos?

Da tamari. Shi ma soya sos ne, na Japan, amma asalinsa ruwan da ke tsatsowa daga kwaɓin waken miso, don haka alkamarsa kaɗan ce ko babu. Ki kula da kalmar “kaɗan” ɗin nan: ba kowane tamari ne babu alkama ba, sai wanda aka rubuta a jikinsa. Kamfanonin Kikkoman da San-J suna yin wanda babu gulutin, Lee Kum Kee ma suna da soya sos da sos ɗin kawa marasa gulutin, daban da na yau da kullum. Kwalaben suna kama da juna, saboda haka kada ki aiki yaro ya sayo da suna kawai.

Tamari ya ɗan fi kauri da zurfin ɗanɗano. Cokali ɗaya a madadin cokali ɗaya nake sawa. Idan girki ya nemi soya sos mai duhu, wanda aikinsa ba da launi ne da ɗan zaƙi, sai in narka ɗan gutsuren mazarƙwaila a cikin tamarin. Launin yana fitowa yadda ake so.

Akwai kuma wani ruwa da ake yi daga ruwan furen kwakwa, ya fi zaƙi, gishirinsa bai kai ba. Yana amfani ga wanda waken suya ma ba ya karɓarsa, amma tsadarsa ta fi aikinsa.

Wata magana da ta shafe mu: soya sos da aka tsima yana fitar da ɗan barasa a wajen tsimuwa, wasu kamfanonin kuma suna ƙarawa don kada ya lalace. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi mai tambarin halal. Ni abu biyu nake dubawa a kowace kwalba, tambarin halal da rubutun babu gulutin.

Anti, a garinmu ba a sayar da tamari. Shi ke nan na haƙura?

Ko kusa. Abin da soya sos ke kawowa abu uku ne: gishiri, launi, da ɗanɗanon nan mai zurfi na wake tsimamme. Na ukun muna da shi tun kaka da kakanni, wato daddawa. Sinawa ma suna da tasu, baƙin wake mai gishiri da suke kira douchi, kuma ranar da na fara shinshina shi a Guangzhou daddawar kalwa ce ta faɗo mini a rai.

Ga yadda nake yi. Daddawa ƙwaya ɗaya a daka, a zuba a kofi biyu na romon kaza ko na ƙashi wanda kika dafa da kanki, a sa gishiri cokalin shayi biyu, albasa rabi, da sukari babban cokali ɗaya da aka ƙona a busasshiyar tukunya har ya yi ja sosai. A bari ya dahu a ƙaramar wuta har ya koma kofi ɗaya, a tace. Ba zan ce miki soya sos ne ba, ɗanɗanonsa daban yake, amma a suyar naman sa da tattasai yana tsayawa da ƙafarsa. A firji yana kwana uku. Ki sayi daddawar a hannun wadda kika sani, ki tambaye ta ko tana barbaɗa wani gari a kai.

Yaya zan gane kwalbar da ta dace?

Ki juya bayanta ki karanta jerin kayan haɗi, kada ki tsaya a hoton gaba. Idan da Turanci ne, kalmomin da za ki guje wa su ne wheat da barley da rye da malt. Idan da Faransanci ne, kamar kayan da ke shigowa ta Nijar, blé da orge da seigle. Ƙa'idar duniya ita ce ba a rubuta wa abinci babu gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, kuma a kan wannan Turai da Amurka suke tafiya. Wasu kayan marasa gulutin suna da tambarin zangarniyar alkama da aka ja wa layi.

Kamfani yakan sauya haɗinsa ba sanarwa. Ko kwalbar da kika saba saye ce, ki sake dubawa.

Farin magi fa? An ce gulutamet ne, ba ɗan'uwan gulutin ba ne?

Sunan ne kawai ya yi kama. Gulutamet, wanda Kikunae Ikeda ya gano ɗanɗanonsa a Japan a 1908, yau daga rake ko rogo ko masara ake yinsa, babu gulutin a ciki. Dunƙulen magi kuwa labarinsa daban, domin wasu ana haɗa su da fulawa ko wani abu daga alkama, kuma haɗin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ki karanta jikin fakitin. Haka garin kori da sauran kayan ƙamshi da aka riga aka haɗa.

Dole sai na sayi kaskon Sinawa?

Ba dole ba. Ki dubi kaskon mai ƙosai da ke bakin layinku: ƙarfe ne, gindinsa a zagaye, bakinsa a buɗe. Siffar kenan. Ƙarami irinsa, wanda faɗinsa ya kai santimita 33 zuwa 36, ya ishi gida. Ki wanke sabo da kyau, ki ƙona shi a wuta, ki shafe da mai, ki soya albasa da citta a ciki har su yi baƙi ki zubar. Daga nan duk suyar da kika yi ƙara masa santsi take. Kaskon da aka shafa wa abin hana kamu bai dace ba, saboda zafin da ake bukata yana lalata shafen.

Maganar wuta ta fi ta kasko muhimmanci. Mutanen Guangdong suna da abin da suke kira “wok hei”, numfashin kasko, wato ɗan ƙamshin hayaƙin da abinci ke ɗauka idan mai ya haɗu da wuta mai tsanani. Gas ɗin gida ba ya kai na gidajen abinci, risho kuwa bai ma kusa ba. Abin da na gano shi ne murhun gawayi da ya ruru sosai, aka yi masa fifita, ya fi su duka, kuma gindin kaskon yana zama daram a kansa. A waje ake yi, ba a cikin ɗaki a rufe ba, saboda hayaƙin gawayi yana kisa.

Mai kuwa, man gyaɗa. Shi mutanen kudancin Sin suka fi so, yana jure zafi. Man riɗi na ƙamshi ne, a ƙarshe ake ɗiga shi bayan an sauke.

Me ya sa ruwa yake taruwa a kaskona, abin ya koma dafuwa?

Kin cika shi da yawa, ko ganyen bai tsane ba. Kada naman da ke ciki ya wuce giram 300 zuwa 400 a lokaci ɗaya. Idan gidan da yawa, ki yi sau biyu.

Naman gidajen abincin Sinawa laushi gare shi kamar tsoka ba ta taɓa aiki ba. Mene ne sirrin, kuma akwai fulawa a ciki?

Babu fulawa, kuma wannan yana cikin abin da ya faranta mini rai. Sitacin masara ne, wanda muke kira konfulawa. A yanka naman siri-siri, a gicciye da zaren tsokar, ba a bi tsawonsa ba. Ga giram 400: tamari babban cokali ɗaya, ruwa babban cokali biyu, a murza da hannu har naman ya shanye, sannan konfulawa cokalin shayi biyu, a ƙarshe mai babban cokali ɗaya. A bari minti ashirin. Sitacin yana yi wa naman riga, ruwansa ba ya gudu idan ya ji wuta.

Naman shanunmu na kiwo ya fi na can tauri, don haka nakan ƙara bekin soda rubu'in cokalin shayi. Aikin da kanwa take yi wa wake shi yake yi wa nama, sai dai shi ana iya auna shi daidai. Idan ya wuce haka naman zai yi ɗanɗanon sabulu. Kaza ba ta bukatarsa, farin ƙwai rabi ya ishe ta.

Idan babu konfulawa, sitacin rogo ko na dankali yana yi. Na rogo ya fi yauƙi, a rage shi kaɗan.

Ki ba mu girki ɗaya cikakke da za mu gwada yau da daddare.

To, naman sa da tattasai, na mutum huɗu. Ki jiƙa nama giram 400 yadda na faɗa a sama. Ki yanka koren tattasai biyu da ja ɗaya, albasa ɗaya manya-manya, karas ɗaya siri-siri. Tafarnuwa ƙwaya huɗu, citta ɗanya kamar kan babban yatsa, attaruhu gwargwadon bakin gidan. A kofi ki haɗa romo rabin kofi, tamari babban cokali biyu, khal na shinkafa ko farin khal cokalin shayi biyu, sukari cokalin shayi ɗaya, konfulawa cokalin shayi biyu.

Ki ɗora kasko babu komai har ya fara hayaƙi, sannan mai babban cokali biyu. Ki baza naman, ki ƙyale shi rabin minti ba taɓawa don ya yi ja, sannan ki juya minti ɗaya ki kwashe, ko da cikinsa bai gama ba. Ki ƙara mai kaɗan, tafarnuwa da citta daƙiƙa goma sha biyar, karas minti ɗaya, tattasai da albasa minti ɗaya da rabi. Ki mayar da naman. Ki motsa abin da ke kofin, domin sitaci yana kwanciya a ƙasa, ki zuba ta gefen kasko ba a tsakiya ba. Cikin rabin minti zai yi kauri ya yi sheƙi. Ki sauke, ki ɗiga man riɗi, ki watsa lawashi. A ci da farar shinkafa tun yana tururi.

Idan kaza ce, ki tabbatar ta dahu har ciki, babu ja ko kaɗan.

Yara suna son taliya. Wace iri ce babu alkama?

Ƙasar Sin gida biyu ce a wajen ci: arewa alkama, kudu shinkafa. Ki bi girkin kudu, za ki sami taliya iri-iri ta garin shinkafa. Akwai siririya kamar zare, akwai mai faɗi da ake kira ho fun, wadda asalinta unguwar Shahe ce a Guangzhou, ita ake soyawa da naman sa. Akwai kuma mai haske kamar gilashi, ta sitacin wani ƙaramin koren wake, wadda ta Longkou a lardin Shandong ta fi suna, da wata ta sitacin dankalin Hausa mai ɗan tauri a baki. Busasshiya ta fi aminci, domin ɗanyar ho fun wasu suna ƙara mata sitacin alkama.

Ba a tafasa taliyar shinkafa kamar sufageti. Siririyar a jiƙa ta a ruwan ɗumi minti goma, a tsane, a kasko za ta ƙarasa. Idan kika tafasa ta, za ta dame ta zama tuwo. Indomie da sufageti da makaroni da kuskus na kanti duk alkama ne.

Soyayyar shinkafa fa, me ya sa tawa take caɓewa?

Saboda da zafinta kika zuba. Shinkafar da ta huce ta sha iska ita ke warwarewa. Ki dafa da ruwa ƙasa da yadda kika saba, ki baza a faranti ta huce da wuri, cikin awa ɗaya ta shiga firji, a yi amfani da ita kafin kwana ɗaya. Wannan ba tsanani ba ne: akwai ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a shinkafar da aka bari a ɗumi, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubarta. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a dafa da la'asar, a baza a gaban fanka ko a yi mata fifita, a soya nan take.

Soyayyar shinkafar Yangzhou, wadda ta fi kowace suna, gishiri ne babban abin ɗanɗanonta, ba soya sos ba. Ƙwai, lawashi, ɗan nama ko jatan lande, koren wake. Acca ma tana soyuwa haka, kuma maigida ya fi son ta da shinkafa.

Awara tana shiga wannan girkin?

Ai gida ta koma, domin daga Sin ta fito, can suna ce mata doufu. Wake ne da ruwan tsami, babu alkama. Ki sayi ɗanya, ki danne ta da abu mai nauyi ta tsane, ki yanka, ki barbaɗa konfulawa, ki soya gefe-gefe har ta yi ja, sannan ta shiga cikin ganye da miya. Soyayyiyar bakin titi ce abin tsoro, saboda mai yiwuwa a man da aka soya fanke aka soya ta.

Idan kayan duk babu alkama, akwai sauran abin kula?

Akwai, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin zafinsa. Na aika a niƙo mini shinkafa a injin unguwa don in yi kwaɓin suyar kaza, ban yi tunanin wadda ta riga ni alkama ta niƙa ba. Yarinyar ta kwana biyu tana murƙususu. Tun daga nan garin da za ta ci a gida nake niƙa shi, ko in sayi na fakiti mai tambari.

Ɓurɓushi kaɗan ya isa. Matsamin taliya, muciya da cokalin katako, katakon yanka burodi, rariyar tankaɗe, man da aka soya cincin a ciki, duk suna riƙe alkama. Kaskon ƙarfe da ba a wanke shi da sabulu sosai shi ma haka, don haka nawa na suyar gaggawa ban taɓa bari fulawa ta shiga cikinsa ba.

Wasu suna tambaya ko su dafa wa mai lalurar nasa daban. Ni ban ga amfanin hakan ba a wannan girkin. Kwalbar tamari ɗaya ta ishi kowa, babu wanda zai ji bambanci, hatsarin cuɗanya ya ragu, yaro kuma ya sa hannu a faranti ɗaya da 'yan'uwansa. Na ga yadda fuskar 'yata take idan aka ware mata kwano a gidan biki, ba na so ta ga haka a gidan ubanta.

Za mu iya ci a gidan abincin Sinawa idan muka ce kada a sa soya sos?

Ga mai siliyak ban ba da shawara ba. Naman tun safe aka jiƙa shi a soya sos, kaskon ɗaya ne ana ɗauraye shi da ruwa kawai tsakanin girki da girki, ludayin kuma yana shiga kowane kwano. Sai dai inda suka san cutar, suka ware kasko da kwalabe.

Ni sabon shiga ne a kicin, ni ke dafa wa mahaifiyata. Wanne ya fi sauƙi in fara da shi?

Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa. Ka fara da ƙwai da tumatir, abincin da kusan kowane yaro a Sin yake fara koya. Ƙwai huɗu, tumatir uku nunannu, gishiri, sukari kaɗan, lawashi. Ka soya ƙwan ya yi laushi ka kwashe, ka soya tumatir har ya saki ruwa, ka mayar da ƙwan. Ba ya bukatar kwalba ko ɗaya. Bayansa dankalin Turawa da aka yanka kamar tsinken ashana, a wanke sitacinsa, a soya minti uku da busasshen barkono da khal.

Idan hannunka ya faɗa, ka gwada naman rago da kumin (wasu ƙananan ƙwayoyi ne na kayan ƙamshi) irin na Xinjiang, yankin Musulmin Uighur. Nama siri-siri, kumin da aka ɗan soya aka daka babban cokali biyu, garin barkono, albasa, gishiri. Hajiya za ta ji kamar ɗan'uwan tsire ne.

Kazar nan mai gyaɗa da barkono da ke sa harshe ya yi zir, ana iya yinta babu alkama?

Gongbao kenan, ta Sichuan, wadda aka sa wa sunan muƙamin Ding Baozhen, gwamnan lardin da ya rasu a 1886. Ana iya yi: tamari a madadin soya sos, khal na shinkafa da ɗan mazarƙwaila a madadin baƙin khal, romo a madadin giya. Cinyar kaza giram 400 a yanka ƙanana, soyayyiyar gyaɗa rabin kofi, busasshen barkono kamar goma, farin gindin lawashi da yawa. Gyaɗar a ƙarshe take shiga don kada ta yi sanyi.

Abin da ke sa harshe zir ɗin kuwa ɓawon 'ya'yan wata bishiya ne da suke kira huajiao, kuma dangi ɗaya suke da fasaƙwarin da muke sawa a yaji. Idan kin sami huajiao, ki sayi ƙwayarsa ba garinsa ba, ki ɗan gasa cokalin shayi ɗaya a busasshen kasko, ki cire baƙaƙen 'ya'yan da ke ciki saboda suna da tsakuwa a baki, sannan ki daka. Idan ba ki samu ba, fasaƙwari ɗan kaɗan a bakin cokali, a daka shi lukwi a tankaɗe, a zuba tare da barkono lokacin da mai ya yi zafi.